Kano zuwa Damagaram a kaset ɗaya na Super 8: zai yiwu kuwa?

Autan Fagge: Assalamu alaikum 'yan gida. Muna kwashe kayan marigayi Kawuna muka ci karo da wata kyamara a ƙasan adaka, an naɗe ta cikin tsohon rawani. Nizo 801 ce, ƙirar Jamus, mai cin fim ɗin Super 8. Matarsa ta ce tun dawowarsa daga karatu a shekarun 1970 ya zo da ita. Na sa mata batir shida na danna, sai ga ta tana kuka kamar jiya aka ajiye ta. A gefenta akwai wani maɓalli da in ka murɗa sai ta riƙa ɗaukar hoto ɗaya, ta huta, ta sake ɗauka. Wata mai kamawa zan kai Hajiyarmu biki Damagaram. So nake in kafa ta a gaban mota tun daga Kano har mu isa, yadda in an kunna za a ga tafiyar duka cikin 'yan mintoci. Kaset ɗaya zai isa?

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu. Kaset ɗin Super 8 fim ne mai tsawon ƙafa 50, wato mita 15, kuma hoto 3,600 yake ɗauka. In aka haska shi a hoto 18 cikin daƙiƙa, minti 3 da daƙiƙa 20 ke nan. Kano zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, in ka haɗa da tsaye-tsaye ka ƙaddara awa 5. Awa 5 daƙiƙa 18,000 ce. Raba da 3,600, ka samu hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa 5. A takarda dai ya isa cif.

Autan Fagge: Alhamdu lillahi. Ashe abin da sauƙi.

Sadiya Edita: Tsaya tukuna ƙanena, kar ka yi murna. Ai ya ce maka "a takarda". Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin hoto da hoto ka wuce mita 110 da 'yan kai. Bishiyar da ke hoton farko babu ita a na biyu, mai rake da ke na biyu babu shi a na uku. Ido ba shi da abin riƙewa. Na taɓa haɗa wa wani irin wannan aiki da aka ɗauka da kyamarar zamani, wallahi ban kai ƙarshe ba sai da kaina ya sara. Ba tafiya kake gani ba, walƙiya kake gani.

Ɗan Dijital: Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba. Wayar da ke aljihunka tana yin wannan, har ta daidaita maka girgiza, ka kalla tun kafin ka sauka daga mota. Kai kuma sai ka yi odar fim daga waje, ka ɗauka a makance, ka sake aika shi waje a wanke, ka zauna jiran wata biyu. Don Allah me ya yi zafi?

Baffan Hotuna: Yaro, da ka bari ya gama tambayarsa. Bai ce yana neman hanya mafi sauƙi ba, kyamarar Kawunsa yake son ta sake aiki. Auta, ina yi maka ta'aziyya. Shekara talatin da wani abu na yi ina wankin hoto kafin kwamfuta ta tashe mu, don haka bari in fara da abin da zai iya ɓata maka komai tun ba ka bar gida ba. Ban da batir shidan nan da ke cikin mariƙi, akwai wasu ƙanana guda biyu masu kama da maɓallin riga, su ke motsa ma'aunin haske. Na asali masu zaiba ne a ciki, ƙarfinsu 1.35, kuma an daina yin su. In ka sa na kasuwa mai 1.5 allurar za ta yi maka ƙarya. Nemi irin na na'urar taimaka wa kurame ji, ƙarfinsa 1.4 ne, ya fi kusa, sai dai ba ya daɗewa da zarar ka ɓare takardar bayansa. Buɗe ramin ka duba ko tsofaffin sun zube sun yi tsanwa.

Autan Fagge: Na gode Baffa. Na buɗe, akwai farin gari kaɗan, na goge. To Yaya Sadiya, in daƙiƙa 5 ta yi yawa, nawa zan sa?

Sadiya Edita: Ni da zan zaɓa, daƙiƙa 1 ko 2. A kan 1 kaset zai ɗauki awa ɗaya kacal, a kan 2 awa biyu. Amma tazara rabin magana ce. Ɗaya rabin shi ne tsawon lokacin da ƙyauren kyamara yake a buɗe. A ɗaukar yau da kullum yana buɗewa ne kamar ɗaya bisa arba'in na daƙiƙa, hoton ya fito tsaf, sannan ya rufe ya bar sauran lokacin duk ya tafi a banza. Shi ya sa abin ke tsalle. Kuma ka yi sa'a, Nizo na cikin 'yan kyamarorin da za ka iya ja wani ɗan hannu baya ka kulle ƙyauren a buɗe, ya riƙa shan haske tsawon tazarar gaba ɗaya, ba ya rufewa sai lokacin da fim zai matsa. Sai gefen titi ya narke ya zama zare-zare, kowane hoto ya kama jelar ɗan'uwansa. Abin da ke nesa kuma, sararin sama da bakin daji, ya tsaya. A nan ne ido ke samun wurin hutawa.

Mai Lissafi: Gaskiya ne, Canon 814XL-S da 1014XL-S suna da tazarar daƙiƙa 1, 5, 20 da 60 a rubuce, amma ba su da wannan dogon buɗi. Ita Nizo matsalarta maɓallin nata ba shi da lambobin daƙiƙa, daga hoto 6 a daƙiƙa har zuwa hoto ɗaya a minti, murɗawa kawai kake yi. Sai ka riƙe agogo kana ƙirga ƙarar, in ka dace ka liƙa salatif a wurin.

Baffan Hotuna: A nan kam Sadiya mun raba hanya. 'Yata, in komai ya narke, me ya ɗauko? Titin Daura da titin ko'ina sun zama ɗaya ke nan. Ni abin da nake ganin darajar wannan aiki shi ne, bayan shekara ashirin ka tsayar da fim ɗin a kan hoto ɗaya ka ga kasuwar Ɗambatta yadda take, ka karanta rubutun bayan tirela, ka ga irin hular da ake yayi. Hoto 3,600 ne fa, kowanne shaida. Ke kuma kina so a dama su kamar fura.

Sadiya Edita: Baffa, da girmanka, wa zai zauna yana tsayar da hoto 3,600? Kuma hoton Super 8 faɗinsa bai kai milimita 6 ba. Rubutun bayan tirelar da kake faɗa, daga cikin mota mai gudu, ta bayan gilashi mai ƙura, sai dai ka yi canke. In shaida ake so a tsaya a sauka a ɗauki kasuwar da kyau. Wannan ɗauka an yi ta ne don gudu.

Baffan Hotuna: Za ki sha mamakin abin da ɗan wannan fim ke riƙewa in an sa Vision3 50D an kuma yi masa sikanin mai kyau. Ƙwayarsa ta fi ta kowanne laushi a cikin waɗanda Kodak ke zubawa a kaset yanzu.

Sadiya Edita: A kan fim ɗin ba mu da gardama, 50D ɗin nan shi zan ce ya saya ni ma. Dodo ne, wato negatif, yana yafe kuskuren haske, musamman in hasken ya yi yawa. Ektachrome 100D da suka dawo da shi a 2018 launinsa na da daɗi, kuma ana haska shi kai tsaye a majigi, amma ba ya yafiya. Gajimare ɗaya ya gifta ka ga bambanci.

Ɗan Dijital: To ku da kanku kun kasa daidaitawa. A waya sai ya ɗauki bidiyon duka, daga baya in ya ga dama ya narkar, in ya ga dama ya bar shi tsaf.

Mai Lissafi: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ba mai musu. A fim sai ka yanke shawara kafin ka tada mota.

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Ni daga Damagaram ɗin nake rubutu, sai yanzu na ga wannan hira. Auta, kafin a gama gardamar narkewa bari in faɗa maka abin da ya fi lens muhimmanci. Kyamarar nan da doguwar lens ɗinta da mariƙinta, in an kafa ta a gaban mota, daga nesa ba ta kama da kyamara. Kafin kowane shinge ka kashe ta ka sauke ta ƙasa, tun daga na wajenku har Kwangwalam, har Ɗan Barto, balle wajen duwan, wato kwastan ɗinmu, da jandarmomi. Kar ka ce ai hoto ɗaya take ɗauka duk bayan daƙiƙa biyu, ba wanda zai tsaya sauraron wannan bayani, kuma ƙarar da take yi lokaci-lokaci ita ma abin tambaya ce. Idan suka ce buɗe mu gani, to a wannan ɗaya Super 8 ta taimake ka: kaset ɗin a rufe yake, in ka cire shi da rana 'yan hotunan da ke bakin taga ne kawai za su ƙone.

Autan Fagge: Na gode ƙwarai Malam. Wannan ban kawo shi a rai ba sam.

Ɗan Birni: Sai maganar rana. Daga Kano arewa za ka miƙa, Ɗambatta, Kazaure, Daura, don haka da safe rana na hannun damanka, ba ta shiga lens. Bayan Matamai in ka hau babbar hanya a Takeita sai ka juya gabas, lokacin kuma ta riga ta haye sama ko ta koma bayanka. Zuwa ya fi dawowa daɗin ɗauka. A dawowa da hunturu rana ta karkata kudu, tana gabanka kusan duk yini.

Kuma tunda ana maganar ƙaramin fim, mu nan Nijar muna da tarihi da shi. Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya yi shekaru yana ɗaukar fim a ƙasar nan, da kyamarar Bell & Howell mai milimita 16 ya fara, irin wadda ake yi wa wani kamar agogon bango, ta yi daƙiƙa ashirin da 'yan kai ta tsaya. A hannu yake riƙe ta. A kan hanya kuma ajalinsa ya same shi, haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Saboda haka direba ya ji da tuƙi, mai kyamara ya ji da kyamara.

Direban Golf: Wannan ita ce magana. Auta, in kai ne za ka tuƙa Hajiya, nemi yaro ya zauna gaba ya kula da ita. Sannan kar ka ɗora ta a dashbod haka kawai ka tokare da tsumma. Na ɗauki wasu masu aikin fim sun yi haka, ramin farko kyamara ta leƙa sama, suka yi ta ɗaukar gajimare ba su sani ba. Cire matashin kan kujerar gaba, ka ɗaure katako a ƙarafunan nan biyu, ko ka kafa mai ƙafa uku a tsakiyar mota ka ɗaure kowace ƙafa da robar tayar babur. Kuma dashbod da tsakar rana ko hannu ba ka iya ɗorawa, ina ga fim.

Baffan Hotuna: Zafi maƙiyin fim ne, ya fi ƙura. Kaset ɗin da ba ka buɗe ba ya zauna a firij cikin ledarsa. Ka fito da shi tun dare ya huce kafin ka ɓare, in ba haka ba raɓa ta kwanta masa. A mota sa shi a kula, ba tare da ƙanƙara ta taɓa shi ba. Kyamarar kuma yafa mata farin ƙyalle. Dashbod shi kuma baƙin ƙyalle za ka shimfiɗa masa, don hotonsa yana dawowa a gilashi, ido ba ya lura amma fim yana gani. Matsar da lens kusa da gilashi iya yadda za ka iya ba tare da sun haɗu ba, ka mayar da zum ɗin can ƙarshen faɗi, milimita 7, ka sa nisa a kan mafi nesa ka liƙe. Girgizar hanya tana murɗa waɗannan zobba da kanta.

Autan Fagge: Ina rubutawa duk. Yaya Sadiya, in na bi taki, ƙyaure a buɗe daƙiƙa 2 da rana tsaka, ai fim ɗin zai ƙone fari fat?

Mai Lissafi: Zai ƙone in ba ka sa baƙin filta ba. Fim mai ƙarfin 50 a rana tsaka yana son f/16 a ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa. Daƙiƙa 2 ta ninka wannan sau 100, wato hawa shida da rabi da ɗan ɗoriya, tunda kowane hawa ninki biyu ne na haske. In ka ɗaura filtar ND mai hawa 10, irin wadda ake rubuta wa 1000, rarar hawa uku da wani abu za ta saura, sai ka buɗe idon lens daga 16 zuwa wajen 5.6. Hakan ma ya fi, don ƙananan lens ɗin nan in ka matse su zuwa 16 hoton laushi yake yi. Gilashin mota da madubin cikin kyamara suna ɗan shan haske, saboda haka ka karkata wajen 4. Ka saita hotonka kafin ka ɗaura filtar, bayan ta hau ba abin da za ka gani ta maleƙa.

Sadiya Edita: Kuma ko wacce hanya ka bi, kar ka bar ta a otomatik. Tirela ta sha gabanka ido ya buɗe, ta kauce ya rufe, a fim ɗin sai ka ga kamar ana wasa da makunnin lantarki. Auna da hannu, ka sake aunawa duk sanda kuka tsaya. Rufe maleƙar ma da salatif baƙi, haske na iya biyowa ta baya.

Hajiyar Berlin: Ina biye da ku a ɓoye. Mijina Bolex H16 gare shi, mun gwada irin wannan daga nan zuwa Hambug. Milimita 16 hotonsa ya fi girma nesa ba kusa ba, ƙafa 100 hoto 4,000 ne, amma ita ma wani ake mata kamar agogo, wani ɗaya bai wuce hoto ɗari shida da wani abu ba, kuma ba ta da agogon tazara a jikinta. Ni na zauna ina danna waya ina ƙirge har babban yatsana ya sage. Auta, taka ta fi dacewa da wannan aiki. Maganar wanki kuma, akwai Andec a nan Berlin, akwai Pro8mm a Kalifoniya, suna wankewa su yi sikanin. Abu ɗaya: duk wanda zai ɗauko maka fim a jirgi, kar ya sa a jakar da ake aunawa, kuma sababbin injinan duba kaya masu CT suna lalata fim ko da wucewa ɗaya ne. Ya roƙa a duba da hannu. In ka shirya yi min magana ta gefe, ƙanwata na zuwa Kano bayan biki.

Autan Fagge: Allah ya saka da alheri Hajiya.

Baffan Hotuna: In kuma yana son ya wanke da hannunsa, ya sayi Tri-X baƙi da fari. Akwai tankin Lomo na Rasha mai ɗaukar mita 15. Har da garin kofi da sodar wanki da bitamin C ana wanke shi ya fito dodo. Wahalar a Kano ita ce ruwa, ana son sa a digiri 20, ruwan randa ma ya wuce nan in ba da sanyi ba, sai ka haɗa da ƙanƙara kana aunawa. Amma ba a kaset ɗin Hajiya za ka koyi wannan ba.

Ɗan Dijital: Kofi da sodar wanki. To Allah ya ba da sa'a. Ka dai kafa wayarka a gefe don kar a dawo hannu rabbana.

Autan Fagge: Zan kafa, kar ka damu. Na yanke shawara: kaset biyu. Zuwa zan bi ta Yaya Sadiya, daƙiƙa 2 da filta, in riƙa kunnawa a inda hanya ta yi kyau kawai. Dawowa in bi ta Baffa.

Autan Fagge: Jama'a na dawo da labari, bayan wata biyu da rabi. Sikanin ya iso jiya ta hannun ƙanwar Hajiyar Berlin. Na farko dai, kaset ɗin zuwa bai kai Damagaram ba, a bayan Matamai ya ƙare. Dalili kuwa, mun tsaya a Daura cin abinci da sallah, yaron da na sa ya manta bai kashe ba. Rabin awa, hoto 900, kashi ɗaya cikin huɗu na fim ɗin ke nan, daƙiƙa 50 cur kyamara na kallon wata bishiyar darbejiya da teburin mai shayi. Mutane suna wucewa kamar hayaƙi, inuwar bishiyar tana rarrafe a ƙasa, wani tsoho kaɗai ya fito sosai don bai motsa daga kan bencinsa ba. Tsakanin Kazaure da Daura kuwa abin da Yaya Sadiya ta faɗa ne ya faru. Mun bi bayan wata tirela kusan minti goma, ita tana tsaye cak a tsakiyar hoto, gonaki na zuba ta gefenta kamar ruwa. Amma duk inda muka shiga ramuka har bakin daji ya narke, ba a gane komai.

Sadiya Edita: Tura min wurin tirelar nan don Allah. Na dawowa fa?

Autan Fagge: Yana tsalle kamar yadda kika ce, ba na iya kallonsa sau biyu a jere, kuma rana ta wanke rabinsa, maganar Malam Ɗan Birni ta tabbata. Sai dai na tsayar da shi a fitowarmu daga unguwar Birni a Damagaram, ga Hajiya da ƙannenta a ƙofar gida suna sallama, hoto bakwai, ana gane kowa. Ta sa na buga mata guda biyu a takarda.

Baffan Hotuna: Hoto bakwai. Sadiya, kin ji ko?

Sadiya Edita: Na ji Baffa. Mota a tsaye take lokacin, ka tambaye shi.

Autan Fagge: A tsaye take.

Ɗan Dijital: Wayar fa?

Autan Fagge: Zafi ya kashe ta tun kafin Ɗambatta. Na manta ban yafa mata ƙyalle ba.

Direban Golf: In za ka sake, bari sai damina ta sauka daji ya yi kore, mu bi ta Wudil da Birnin Kudu zuwa Bauchi. Ni zan tuƙa, kai ka zauna gaba da kanka.

Mai Lissafi: In ta can ne ka tanadi kaset biyu na zuwa kawai a kan daƙiƙa 2, kuma wannan karon ka sa wa wayarka ƙararrawa ta tuna maka kashewa.